Kiwon Abin da Ido Ba Ya Gani: Aikin Wa, Alhakin Wa?

Harshen Hausa yana raba ayyuka gida biyu ba tare da masu magana da shi sun tsaya lura da rabon ba. Idan maƙeri ya gama fartanya, sai a ce ya ƙera ta, a jingina masa aikin kacokan, domin siffar ƙarfen daga hannunsa ta fito. Amma idan mace ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, ko ta zuba madara a ƙwarya ta bar ta ta kwana, ba a cewa ta ƙera komai, sai dai a buɗe a duba a ce daddawa ta yi, ko nono ya yi, tamkar abin da aka rufe shi ne mai aikin, ita kuwa nata shiryawa ne da jira. Wannan rabo da ake yi a madafa yana komawa tambaya ta tauhidi da ta fiƙihu idan aka kai shi ɗakunan bincike na Turai da Amurka, inda masana ke sa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su mayar da rarar lantarki ta zama gas da za a iya ajiyewa. Tambayar ita ce: idan mutum ya sami biyan buƙatarsa ta hanyar wata halitta wadda bai yi ta ba, kuma bai koya mata sana'arta ba, aikin na wane ne, sannan idan aikin ya jawo ɓarna, wa za a kama?

Buƙatar da ta haifi binciken tana da sauƙin fahimta. Lantarki ba ya ajiyuwa kamar hatsi. Wanda aka samar a wannan daƙiƙa a cikinta ake shan sa, sai fa in an juya shi zuwa wani abu dabam. Muddin kwal ko gas ake ƙonawa, matsalar ba ta da girma, domin ana ƙara wuta ko a rage ta gwargwadon buƙata. Makamashi mai sabuntuwa kuwa, wato wanda tushensa ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, kamar hasken rana da kaɗawar iska, ba ya zuwa bisa umarnin kowa. A Jamus, inda fiye da rabin lantarkin da aka sha a 2023 da 2024 daga irin wannan tushe ya fito, akan sami ranakun da wuta ke yin yawa har farashinta a kasuwar sari ya faɗi ƙasa da sifili, ma'ana mai samarwa ne ke biyan mai karɓa, kuma hakan ya faru na sa'o'i fiye da 400 a 2024. A tsakiyar hunturu kuma a yi kwanaki a jere ba rana ba iska, yanayin da Jamusawa ke kira Dunkelflaute. Batir yana iya cike giɓin sa'o'i tsakanin rana da dare, amma abin da ake nema a nan rumbu ne, wanda zai ɗauki rarar wata shida ya kai ta wata shidan da ke biye. Jamus tana da irin wannan rumbu tun da daɗewa, wato koguna a cikin duwatsun gishiri da tsofaffin rijiyoyin gas a ƙarƙashin ƙasa, masu ɗaukar makamashin da ya ninka na dukan madatsunta na ajiyar lantarki sau dubbai. Sai dai rumbun gas kaɗai yake karɓa.

Saboda haka sai aka nemi juya lantarki ya zama gas. Matakin farko shi ne a ratsa wutar cikin ruwa ta tsaga shi zuwa sinadaransa biyu, haidurojin da oksijin. Haidurojin yana ƙonuwa, amma yana da wuyar riƙewa: ba shi da nauyi, yana sulalewa ta ƙofar da wani gas ba zai bi ba, yana sa wasu ƙarafa gautsi, kuma bututan da ake da su kaɗan suke iya ɗauka daga cikinsa. Mataki na biyu shi ne a haɗa shi da kabon dayoksaid, gas ɗin da ke fita daga numfashi da daga duk abin da ya ƙone, inda awo huɗu na haidurojin da awo ɗaya na kabon dayoksaid ke ba da awo ɗaya na metan da biyu na tururin ruwa, tare da zafi. Metan shi ne mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, irin wanda aka fara zuba wa motoci a Najeriya a madadin fetur, ba wanda ke cikin tukunyar girki ba, don haka duk bututu da rumbu da injin da aka gina domin gas ɗin ƙasa zai karɓe shi ba tare da an sauya komai ba.

Hanyoyi biyu ne ake bi a wannan mataki na biyu, kuma a tsakaninsu tambayar take. Ta farko ita ce wadda Paul Sabatier da Jean-Baptiste Senderens suka bayyana a Faransa a 1902: a bi da gas ɗin biyu ta kan garin ƙarfen nikel mai zafin digiri 300 zuwa 400, nikel ɗin yana matsayin mai zuga, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Wannan hanyar maƙeri ce. Tana da sauri, amma ɗan ƙibiritu kaɗan a cikin gas yana kashe nikel ɗin, kuma ba ta son a riƙa kunna ta ana kashewa. Ta biyu ta girme ta da abin da ya wuce lissafin tarihin ɗan Adam. A 1776 Alessandro Volta ya zungura taɓon gefen tafkin Maggiore a Italiya ya tara kumfar da ke tasowa, ya ga tana kama wuta. A 1906 Nicolaas Söhngen ya nuna a Delft ta ƙasar Holan cewa ƙananan halittu ne ke iya haɗa haidurojin da kabon dayoksaid su fitar da wannan gas. A 1972 Gregory Zeikus da Ralph Wolfe suka ware wani nau'i daga dagwalon matatar ƙazantar ruwa ta Urbana a jihar Illinois, nau'in da ake kira Methanothermobacter thermautotrophicus a yau, wanda ya fi jin daɗi a zafin digiri 65. A 1977 kuma Carl Woese da George Fox suka gano cewa waɗannan halittu, duk da kamarsu da bakteriya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, reshe ne na rayuwa mai zaman kansa, wanda daga baya aka raɗa wa suna arkiya. Suna zaune duk inda oksijin ba ya kaiwa: a ƙasan fadama, a gonar shinkafa mai kwance da ruwa, a cikin gara, da tumbin saniya, inda suke fitar da gas ɗin da take gyatsawa lokacin tuƙa. Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da Rolf Thauer da abokan aikinsa suka gano a Marburg tun daga 1979, cewa waɗannan halittu ba sa girma sai da nikel, kuma inzayim ɗin da ke yanke aikin a matakin ƙarshe, wato sinadarin jikin halitta mai zuga haɗuwa, yana riƙe da ƙwayar nikel a tsakiyarsa. Dabarar ɗan Adam da ɗabi'ar halittar sun haɗu a kan ƙarfe ɗaya, ɗaya da wutar maƙera, ɗaya da ɗumin da bai kai tafasar ruwa ba.

An fitar da hanyar ta biyu daga ɗakin gwaji. A Allendorf ta Jamus an fara tura irin wannan metan cikin bututun gas na jama'a a 2015. A Avedøre kusa da Kopenhagen kamfanin Electrochaea ya kafa tanki mai ƙarfin megawat 1 a harabar matatar ƙazantar ruwa a 2016. An yi irinsa a Solothurn ta Suwizalan a 2019, sannan mai megawat 2.5 a Dietikon a 2022. A Pilsbach ta Ostiriya an gwada tura haidurojin da kabon dayoksaid cikin tsohuwar rijiyar gas mai zurfin kimanin mita 1,000, a bar halittun da ke zaune a dutsen tun asali su yi aikin, a jami'ar jihar Pennsylvania kuwa Bruce Logan da abokansa sun nuna a 2009 cewa ana iya samun metan daga halittun da suka manne a jikin sandar lantarki kanta. Duk waɗannan ƙanana ne ƙwarai idan aka auna su da girman buƙatar, kuma gaskiya ita ce har yanzu tsada ba ta bar su sun yaɗu ba.

Wanda ya dubi abin da injiniya yake yi a gefen irin wannan tanki zai ga bai yi kama da maƙeri ba. Yana tsare zafin ruwan kada ya hau kada ya sauka, yana toshe duk wata kafa da oksijin zai shiga domin guba ne ga abin da ke ciki, yana zuba ɗan abinci na naitirojin da ƙibiritu da ƙarafa, yana motsa ruwan da ƙarfi saboda haidurojin da ƙyar yake narkewa a ruwa, kuma wannan ƙarancin narkewa shi ne babban abin da ke taƙaita saurin aikin. Idan iska ta kwanta wuta ta ɗauke, halittun sukan lafa; idan ta dawo su farka su ci gaba ba da jimawa ba, dalilin da ya sa suka dace da makamashin da ba shi da tabbas ke nan. Wannan kiwo ne, da turkensa da abincinsa da lura da lafiyar garke, kuma mai rini a karofin Ƙofar Mata, wanda ke haɗa baba da toka ya jira kwanaki kafin ruwan ya kama, da irin wannan aiki yake rayuwa, ko da bai taɓa ganin bakteriyar da ke yi masa hidima ba.

Malaman Musulunci sun yi jayayya a kan wannan matsayi na mai shiryawa tun kafin a san akwai irin waɗannan halittu, kuma fagen jayayyar shi ne kimiyya a ma'anarta ta da, wato sana'ar neman mayar da ƙarfe mai araha ya zama zinariya. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya kawo muhawarar a Muƙaddima. Ibn Sina ya ga cewa kowane ƙarfe jinsi ne mai siffar da ta keɓanta da shi, siffar da mutum bai san haƙiƙaninta ba, kuma abin da ba a sani ba sana'a ba ta iya samar da shi. Ɗugra'i, mawaƙi kuma masanin kimiyya na farkon ƙarni na 12, ya amsa da cewa mai sana'a bai taɓa da'awar halittar siffa ba. Abin da yake yi shi ne shirya abu har ya dace da karɓarta, siffar kuwa daga Mahalicci take zuwa, kamar yadda mai goge ƙarfe ba ya yin haske, sai dai ya sa ƙarfen ya iya ɗaukarsa. Ibn Khaldun ya yarda cewa amsar ta tsaya da ƙafafunta, amma ya kawo wasu hujjoji: cewa wanda zai kwaikwayi ɗabi'a dole ya san kowane mataki da abu ke bi da gwargwadon kowane sinadari a kowane mataki, abin da ilimin mutum ya gaza; cewa ɗabi'a ba ta barin gajeriyar hanya ta ɗauki doguwa; da kuma cewa kwatanta sinadarin masu kimiyya da yisti kuskure ne, domin yisti lalata ƙullu yake yi ya shirya shi ga narkewa, lalatawa kuwa abu ne mai sauƙi, ginawa ce mai wuya.

Tankin metan yana auna waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba duka suke fita da nauyi ɗaya ba. Sharaɗin sanin kowane mataki ya faɗi ta fuska biyu: Sabatier ya kai ga abin da halittar ke kaiwa ba tare da ya bi matakanta ba, makiyayinta kuma yana cin moriyarta ko da bai san su ba, kamar yadda aka ci daddawa shekaru aru-aru kafin a san mai yin ta. Maganar gajeriyar hanya tana da rabin gaskiya, domin halittar tana yin aikin a ɗumi kaɗan kuma tana jure dattin da ke kashe nikel, amma matakanta sun fi yawa, kuma tankinta yana buƙatar girma fiye da na Sabatier kafin ya ba da gas daidai da nasa. Maganar yisti ma tana buƙatar gyara, tunda ga halitta mai kama da yisti a ƙanƙanta tana ɗaukar kabon dayoksaid, wanda shi ne ƙarshen ƙonewa, abin da wuta ta gama da shi, tana mayar da shi abin da zai sake ƙonuwa. Sai dai ba daga babu take kawo ƙarfin ba, daga haidurojin take ɗebo shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya a zafi. Wadda ta tsira gaba ɗaya ita ce ƙa'idar Ɗugra'i, duk da cewa misalan da ya kafa ta da su, irin su kunama da ke fitowa daga ƙasa da tattaka, kuskure ne da gwaje-gwajen Louis Pasteur suka ƙarasa rushewa a ƙarni na 19. Rushewar misalan ma ƙara wa ƙa'idar ƙarfi ta yi: komai kyan shirin tanki, rai ba ya tsirowa a cikinsa sai an kawo iri daga wani wuri, daga dagwalo ko fadama, yadda mai nono ke barin ɗan tsoho a gindin ƙwarya domin sabo ya kama.

Ta fuskar tauhidi, saɓanin da aka sani game da sababi ba ya sauya wannan sakamako. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zaure ya koyi cewa wuta ba ta ƙonawa da ɗabi'arta, Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin haɗuwarta da abu bisa al'adar da Ya gudanar, ra'ayin da Gazali ya kare da misalin wuta da auduga. Ibn Rushd ya ga cewa musun sababi musun ilimi ne, Ibn Taimiyya kuma ya tabbatar da cewa Allah Ya sanya ƙarfi na gaske a cikin sabubba, Yana halittar abu da su. Kowanne aka bi, babu mai cewa injiniya ne ya sanya wa halittar ikon haɗa gas biyu. Kalmar da ta dace da matsayinsa ita ce wadda Alƙur'ani ya yawaita, musamman a Suratun Nahli, wadda malaman tafsiri ke fassarawa da horewa: an hore wa mutum abin da ba shi ya yi ba, bisa sharuɗɗan da ba shi ya gindaya ba, gwanintarsa kuwa ita ce ya gano sharuɗɗan ya bi su.

A nan ne haɗarin yake, domin tazarar da ke tsakanin "ba ni na yi ba" da "ba ruwana" gajeriya ce ƙwarai, kuma masu tallan irin wannan fasaha sukan taka ta ba da gangan ba idan suka ce gas ɗin na ɗabi'a ne, halittu ne suka yi shi kamar yadda suke yi tun fil azal, tamkar hakan ya wanke shi. Metan ba shi da launi, ba shi da wari, warin da ake ji a gas ƙari ne da mutane ke zubawa domin a gane yoyo. Idan ya kuɓuce zuwa sararin sama ba tare da an ƙone shi ba, yana riƙe zafin duniya fiye da kabon dayoksaid mai nauyinsa kusan sau 80 a tsawon shekara 20, kusan sau 30 a tsawon shekara 100, kuma yawansa a sama ya riga ya ninka abin da yake kafin zamanin masana'antu fiye da sau biyu da rabi. Tan ɗaya na metan idan aka ƙone shi yana ba da tan 2.75 na kabon dayoksaid, don haka lissafi mai sauƙi yana nuna cewa yoyon kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ya isa ya cinye, a ma'aunin shekara 20, ribar da aka samu ta barin ƙona gas ɗin ƙasa, ko da yake adalci ya sa a tuna cewa shi ma gas ɗin ƙasa yana yoyo a hanyarsa. Awon da aka yi a masana'antun da ke fitar da gas daga taki da shara a Turai ya nuna yoyo daga ƙasa da kashi 1 a waɗanda ake kula da su zuwa fiye da kashi 10 a waɗanda aka yi sakaci da su. Rumbun ƙarƙashin ƙasa shi ma yana iya fashewa: a Aliso Canyon ta Kalifoniya rijiya ɗaya ta zubar da kimanin tan 100,000 na metan tsakanin Oktoban 2015 da Fabrairun 2016.

Fiƙihun Malikiyya yana da babi da ya yi magana a kan mai amfana da halittar da bai yi ba, kuma babi ne da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi tsakanin manoma da makiyaya. Muwaɗɗa ta ruwaito cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora tsaron lambu da rana a kan masu lambu, ya ɗora biyan ɓarnar dare a kan masu dabbobi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta tafi a kan haka, Mukhtasar na Khalil kuma ya ƙara abu biyu: mai dabba yana biyan ɓarnar dare ko da ta fi kuɗin dabbar, sannan sassaucin rana yana aiki ne idan an sake ta nesa da gonaki kuma babu makiyayi tare da ita, in akwai shi kuwa shi ke ɗauka. Babu wanda ya ce makiyayi ne ya halicci saniya ko ya sanya mata son danyen gero, babu kuma wanda ya ɗauki hakan uzuri. Alhakin ya bi ikon tsaro ne: da rana manomi yana farke yana iya kora, da dare yana barci, mai turke ne kaɗai ke iya hanawa.

Idan aka ɗauki wannan dalili aka kai shi kan metan, sakamakon yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Sararin sama gona ce da ba ta da shinge, ba ta da mai gadi, kuma waɗanda ɓarnar ke faɗa wa, manomin da zafi ke ƙaruwa a kansa a Damagaram ko mai gida a bakin tekun Bangaladash, ba su da wata rana da za su farka su kore abin da ba sa gani, wanda ya taso daga wata nahiya. Game da wannan gona kullum dare ne, saboda haka tsaron duka yana komawa kan mai tanki, ba tare da rabin da aka ɗauke wa makiyayi ba. Mai ja zai iya cewa kwatancen ya karkace, domin ba halittar ce ke tserewa ba, ita da oksijin ke kashewa da zarar ta fito, abin da ta samar ne ke tserewa. Wannan gaskiya ne, amma ba ya sauƙaƙa wa mai tanki: dabba tana da nata nufin, tana iya tsinke igiya, gas kuwa sai ta kafar da mutum ya bari yake fita, don haka ya fi kusa da wata mas'alar da Khalil ya kawo a wuri guda, ta wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar maƙwabci, wanda shi ma an ɗora masa biya. Inda kwatancen ya gaza da gaske shi ne wajen hukunci, domin alƙali yana buƙatar mai ƙara sananne da ɓarnar da za a iya yi wa kuɗi, a nan kuwa cutar ta watsu a kan miliyoyin mutane, kowa da ɗan rabonsa da ba a iya nunawa. Abin da hakan ke nufi shi ne haƙƙin ya fi ƙarfin kotun mutum biyu, ya koma wuyan hukuma ta sa doka da awo. Ba ya nufin haƙƙin ya faɗi don an rasa mai karɓarsa.

Akwai kuma zaɓuɓɓuka da halittar ba ta da hannu a cikinsu ko kaɗan. Idan aka juya lantarki ya zama metan sannan aka sake ƙona metan ɗin don a sami lantarki, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke dawowa, alhali batir yana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100. Ko wannan tanadi ne ko almubazzaranci, amsar tana ga asalin wutar: idan rara ce da za a zubar, ceto kashi ɗaya cikin uku ya fi rasa duka, kuma ajiyar shekara bakwai da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara a Masar ta isa shaida cewa ɗaukar rarar yalwa zuwa lokacin tsanani ba ya cin karo da tawakkali, idan kuwa wuta ce da wani gida ko asibiti ke buƙata a wannan sa'a, ko wadda aka ƙona kwal aka samar, to an yi asarar biyu don a ajiye ɗaya. Haka ma kabon dayoksaid: wanda aka ɗebo daga gas ɗin taki da ƙazantar ruwa, wanda kusan kashi 40 cikin 100 nasa shi ne, daga tsiro ya zo, tsiron kuma daga sama ya zuƙe shi, sai zagayen ya rufe, wanda aka ɗebo daga hayaƙin kwal kuwa jinkirta fitarsa kawai aka yi. Halittar da ke cikin tanki duka biyun ɗaya suke gare ta.

Dokar zamani ta riga ta yarda cewa aikin mai shiryawa aiki ne mai lada. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1980 a shari'ar Chakrabarty aka buɗe ƙofar ba wa mutum haƙƙin mallakar fasaha a kan ƙananan halittun da ya sarrafa, kuma nau'in da Electrochaea ke amfani da shi ya fito ne daga aikin Laurens Mets na jami'ar Shikago, wanda ya tace shi ta hanyar zaɓe, ba ta sauya ƙwayar gadonsa ba, kamar yadda makiyayi ke tace garkensa tsara bayan tsara. Babu laifi a wannan lada, domin zaɓe da haƙuri da kashe dukiya duk kasabi ne, wato abin da bawa ya aikata da nufinsa kuma ake jingina masa shi. Amma malaman fiƙihu sun ɗaure cin riba da ɗaukar lamuni a igiya ɗaya, Hausawa kuma suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ba a karɓar kalmar "nawa ne" ranar rabon riba a koma ga "ɗabi'a ce" ranar da aka auna yoyo. Kayan awon suna nan: tauraron ɗan Adam na Sentinel-5P da Turai ta harba a 2017 yana hango manyan yoyo daga sama, Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2024 da ta wajabta wa masu man fetur da gas da kwal neman yoyo da toshe shi. Ƙananan yoyo na bakin famfo da mahaɗar bututu, waɗanda su ne irin na tankin megawat ɗaya ko biyu, tauraro ba ya ganin su. Sai mutum ya zagaya da kyamarar da ke ganin gas, lokaci bayan lokaci, ya rubuta abin da ya samu inda wani zai iya dubawa, kuma kuɗin wannan zagaye ya shiga farashin gas ɗin tun kafin a sayar da shi.